Masu Riƙon Amanar Ɗalibai

A zamanin da, in mutumin Mafara, ko Bakura, ko Maradun zai kai ɗansa karatun allo, yakan danƙa shi a hannun malam ya ce ga amana. Daga ran nan malam shi ne uba. Shi ke tsawatarwa, shi ke jiyya in yaro ya kwanta ciwo. Gardawa, watau manyan almajirai, su ke taya shi lura da ƙanana. Ya san kowane yaro da sunan ubansa, saboda haka kafin ɓarna ta girma ya ji labarinta.

Da boko ya zo, riƙon bai sake ƙwarai ba da farko. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Kilifod ya buɗe a 1922, ɗalibanta kaɗan ne, malamai sun san su ɗaya ɗaya. A nan Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931. Amma da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, ba a daɗe ba ɗalibai suka kai dubbai. Malamin da ke koyarwa ba shi iya sanin kowa. Don haka manyan makarantu suka ware ofis musamman na kula da harkokin ɗalibai. Ma'aikatansa su ke raba ɗakunan kwana, su lura da ruwa da abinci, su sasanta masu faɗa, su kai mai laifi gaban kwamitin ladabtarwa. Mafi nauyin aikinsu kuwa shi ne jin kukan ɗalibai, su kai shi gaba tun bai zama tarzoma ba.

Abin da ya faru a Zariya ya nuna girman wannan aiki. A 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, aka ƙara wa ɗaliban jami'a kwabo 50 a kuɗin abincinsu na kowace rana. Ɗalibai suka tashi ko'ina, suna cewa sai an cire Kanar Ahmadu Ali, mai riƙe da ilmi a lokacin. Aka harbe waɗansu a Ikko da Zariya, aka kuma soke ƙungiyarsu ta ƙasa.

Bayan shekara takwas, a 1986, ɗaliban Zariya suka yi jerin gwano don tunawa da waɗanda aka kashe. Suka ratsa ta gidan kwanan 'yan mata mai sunan Sarauniya Amina, inda doka ta hana maza shiga. Hukumar jami'a ta hukunta shugabanninsu, har da kora. Ɗalibai suka ce ba su yarda ba, sai dai shugaban jami'a, Ango Abdullahi, ya sauka. Aka kira 'yan sanda. Ran 23 ga Mayu aka buɗe wuta, hukuma da kanta ta ce mutum huɗu suka mutu. Rikici ya bazu zuwa sauran jami'o'i, aka rufe da yawa. Gwamnatin Janar Babangida ta naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin Janar Abisoye, shugaban jami'ar kuma ya bar kujerarsa cikin shekarar nan. Laifin da ya kamata a gama shi a ofis, ga inda ya kai.

To, yanzu irin wannan amana ta iso ƙasar Zamfara. A 1992, tun ƙasar tana cikin Jihar Sakkwato, Gwamna Yahaya Abdulkarim ya kafa babbar makarantar koyon sana'o'i a Talata Mafara, wadda daga baya aka sa mata sunan Injiniya Abdu Gusau. Manomin da ya sayar da hatsinsa ya tura ɗansa can, abin da kakansa ya nema wurin malamin allo shi yake nema: a horar da yaro in ya karkace, a saurare shi in ya yi kuka, a dawo masa da shi lafiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa sai ya san inda ƙarfin hannunsa zai tsaya, don kada ya karya.