Yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma daga haihuwa har shekara 25

Mu da muka tashi a harkar shanu a Bauchi mun san ɗan maraƙi yana miƙewa da ƙafarsa tun ranar da aka haife shi. Ɗan Adam kuwa sai ya yi kusan shekara kafin ya taka, domin ana haihuwarsa ne ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ginuwa ba.

Daga haihuwa zuwa shekara 6

Ƙwaƙwalwar babba tana kai kilo 1.3 zuwa 1.4, da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86. Ta jariri kashi ɗaya cikin huɗu ce ta wannan nauyin, amma a shekara 6 ta kai kashi 90 cikin 100. A lokacin ne ƙwayoyin ke ta ƙulla mahaɗa a tsakaninsu. Nonon uwa, gishiri mai aidin, hanta, ƙwai da yawan hira da yaro suna taimakon ginin. Sanƙarau, maleriya mai tsanani da gubar dalma suna ɓata shi. Dalmar ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010.

Lokacin balaga

Daga nan sai sassabe. Mahaɗar da yaro ke amfani da ita ta ƙara ƙarfi, wadda ya bari a datse ta. Wani farin kitse kuma yana naɗe jijiyoyin kamar robar wayar lantarki, saƙo ya riƙa sauri.

Sashen goshi

To, ga inda magana take. Aikin yana farowa daga ƙeya ya yo gaba. Sashen da ke motsa fushi da sha'awa yana nuna da wuri, amma na bayan goshi, mai auna abu da danne zuciya, sai wajen shekara 25. Ka ga mota ce mai ƙarfin inji, birkinta bai gama kamawa ba.

Shi ya sa nake roƙon iyayenmu na Agege, Sabon Ibadan da Lokpanta: yaron da ya biyo tirelar shanu yana ɗan 16, ko gemu ya fito masa, a sa masa ido. Kar a damƙa masa kuɗin ciniki gaba ɗaya, a riƙa ba shi amana kaɗan-kaɗan. Ya samu barcin awa 8 zuwa 10. A raba shi da tiramol da kodin, wanda gwamnati ta hana a maganin tari tun 2018, domin abin da ƙwaƙwalwa ta saba da shi a shekarun nan yana da wuyar bari.