Ambaliyar Fulorans ta 1966 da Tarihin Gyaran Kayan Fasaha

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga gidan adana kayan tarihi, abin da aka jera ake nuna masa. Akwai wani ɗaki a baya wanda baƙo bai cika leƙawa ba, inda masana ke jinyar kayan da suka tsufa ko suka lalace. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi tarihin wannan ɗaki ta hanyar wani zane guda da ruwa ya ci a birnin Fulorans na ƙasar Italiya, domin mu ga yadda aka amsa tambayar da ta daɗe tana damun masu wannan sana'a, wato ina ne iyakar mai gyara?

Yadda ake yi a da

A zamanin da, mai zane ake kira ya gyara zane. Inda fenti ya ɓare sai ya cike da nasa, har wani lokaci ya shafe aikin mai asali. Kimiyya ta shigo cikin lamarin ne a 1888, lokacin da aka ɗauki Friedrich Rathgen ya shugabanci ɗakin binciken gidajen tarihi na Balin, a Jamus. Gidan Tarihin Birtaniya ya buɗe nasa a 1920, bayan an ga ɓarnar da laima ta yi wa kayan da aka ɓoye a ƙarƙashin ƙasa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Duk da haka, tsohuwar ɗabi'a ba ta mutu ba. A tsakanin 1937 da 1938, a wannan gida na Landan, ma'aikata sun kankare sassaƙen duwatsun Fatenon na Girka da kayan aiki na jan ƙarfe don su yi fari, suka cire fatar da ba za ta sake dawowa ba. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Ranar ambaliya

A ranar 4 ga Nuwamba, 1966, Kogin Arno ya yi ambaliya ya mamaye Fulorans. A unguwar Santa Kuroche ruwan ya kai wajen mita 6, ga taɓo, ga man ɗumama gidaje da ya malalo daga tankuna. A gidan tarihin majami'ar unguwar akwai wani babban gicciye na katako, mai tsawon fiye da mita 4, wanda Chimabuwe ya zana a ƙarni na 13. Irin wannan zane hawa-hawa ne: katako a ƙasa, sai ƙyalle, sai farin alli da aka kwaɓa da manne na fatar dabba, sannan launin da aka dama da kwanduwar ƙwai. Da ruwa ya shiga, mannen ya narke, katakon ya kumbura, kimanin kashi 60 cikin 100 na fentin ya tafi. Sai da aka riƙa tace taɓo ana tsintar ɓarɓashinsa.

Aikin ɗakin gyara

Matakin farko shi ne hana ƙarin asara. An lulluɓe zane-zanen da suka jiƙe da siririyar takarda don ta riƙe fentin, aka kai su wani dogon ɗaki na ajiye itatuwan lemo a lambun Boboli. A can aka riƙa rage laimar iska da kaɗan-kaɗan, domin idan katako ya bushe da gaggawa zai tsuke, fentin da ke kansa ya tashi ya zube. Daga nan aka mayar da gicciyen sabon ɗakin gyara a tsohuwar ganuwar Forteza da Baso, ƙarƙashin jagorancin Umberto Baldini. An raba fentin da katakon, aka yi wa kowanne magani, sannan aka sake haɗa su.

Sai babbar matsala ta taso: me za a yi da wuraren da babu komai, har da wani ɓangare na fuska? Akwai hotunan zanen na kafin ambaliya, saboda haka ana iya kwaikwayonsa. Masanan suka ƙi. Tun a 1963 Cesare Brandi ya riga ya wallafa littafinsa kan ƙa'idojin gyara, inda ya nuna cewa dole ƙarin mai gyara ya zama abin ganewa, kuma abin da za a iya cirewa gobe. Bisa wannan tafarki, Ornella Casazza da abokan aikinta suka cike guraben da ƙananan layuka na launuka tsirara, irin su rawaya da ja da baƙi. Daga nesa ido kan haɗa su ya huta, idan kuwa aka matso sai a ga inda hannun Chimabuwe ya tsaya. An kammala aikin a 1976, bayan shekara 10. Wasu masana sun soki tsarin, suna ganin layukan sun cika jan ido.

Wannan bai kai wani zanen daɗewa ba. Zanen jibin ƙarshe na Giorgio Vasari, na 1546, sai a 2016 ya koma Santa Kuroche, domin an daɗe ana jiran dabarar da za ta cece shi ba tare da ƙara masa rauni ba.

Kammalawa

Mun ga yadda sana'ar ta tashi daga hannun mai zane ta koma ɗakin bincike, da yadda aka koyi haƙuri da taka-tsantsan bayan an yi asara. Mu da muke nazarin adabi mun san irin wannan jarrabawa: idan gara ta ci baiti a tsohon rubutu, mai tacewa kan ji sha'awar cikewa da nasa. Masanan Fulorans sun bar alama a duk inda suka taɓa, don mai zuwa a baya ya iya bambance aikin ƙarni na 13 da na ƙarni na 20.