Dokin da ya iya zamiya gaban Sarki, zai iya tsallake kwazazzabo?

Shirinmu na yau na mahaya ne, da masu son doki ko da ba su taɓa sa ƙafa a likkafa ba.

Akwai wata gasar dawaki da ake yi a wasannin Olamfik, Turawa na ce mata ibentin. Doki ɗaya, mahayi ɗaya, jarrabawa uku a jere cikin 'yan kwanaki. Ta farko ta ladabi ce: a fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 20, doki zai yi tafiya, ya yi sassarfa, ya juya, ya tsaya cak, alƙalai na duba ko yana bin mahayinsa cikin natsuwa. Ta biyu a jeji ake yi, kuma ita ce zuciyar gasar. A manyan gasanni tafiyar takan kai kilomita 6, da shingaye wajen 40: gungumen itace, rami, gangara, tafki. Ana son doki ya riƙa cin mita 570 a minti ɗaya. In ya yi turjiya gaban shinge, an rubuta maka laifi 20. In ka faɗi, ko dokin ya faɗi, shi ke nan ka fita. Kashegari likitocin dabbobi su duba dokin, in sun ga yana ɗingishi a sallame ku. Wanda ya tsira sai ya shiga ta uku, tsallaken sanduna a cikin fili, kowace sanda da ya kayar laifi 4. Wanda ya fi ƙarancin laifi shi ya ci.

To me ya kawo wannan tsari? Soja. Faransawa sun fara irin wannan gwaji ga dawakin sojansu a 1902, sannan aka shigar da shi Olamfik a birnin Sitokholm a 1912, lokacin hafsoshin soja kaɗai ake bari su shiga. Mace ba ta hau a gasar ba sai 1964 a Tokiyo. Tambayoyin da rundunonin ke yi a fili suke: dokin nan yana jin magana? Zai iya kai saƙo ta cikin daji ba tare da bin hanya ba? In ya kai, gobe zai iya tashi ya sake aiki?

Ni ɗan yankin Mandera ne, tsakanin Boɗinga da Shagari, kuma duk lokacin da na kalli wannan gasa a waya abin da ke faɗo mini shi ne: ai tambayoyin nan uku kakanninmu ma sun yi su. Bambancin kawai, su ba alƙali ke ba su maki ba. Wanda dokinsa ya faɗi jarrabawa, gida ne ba ya komowa.

Doki ya daɗe yana yaƙi a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Lifidi kuwa rigar kariya ce mai kauri da ake cusa wa auduga, a lulluɓe doki da mahayinsa saboda kibiya mai dafi. Ku dubi sarautunmu ma: Madawaki, Ubandawaki, Barde, Shamaki mai kula da barga. Duk doki ne ya haife su.

Amma abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, Daular Usmaniyya ba da doki ta fara ba. A Tabkin Kwatto, watan Yuni na 1804, jama'ar Shehu dawakinsu ba su wuce ashirin ba. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade da 'yan lifida da Azbinawa masu taya shi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne ya ja rundunar jama'a, kuma maharba 'yan baka ne suka tsaya suka karya mahayan Gobir. Dawakin da aka kama ranar su suka fara cika turakun jama'a. Kafin a ci Alƙalawa a 1808 hoton ya soma sauyawa, sannan da daula ta zauna sai doki ya koma ƙashin bayan rundunarta, kamar yadda yake a wurin sarakunan da ta kayar.

Wannan zamanin a ƙofar gidanmu aka yi shi. Shehu ya zauna Sifawa wajen shekara biyar kafin ya koma Sakkwato a 1815, Malam Abdullahi kuma yana Boɗinga. Ku ɗan yi tunanin manzon da zai tashi daga nan da takarda zuwa Gwandu, ko Katsina, ko Kano. Babu kwalta, babu gada. Jigawa ce mai cin ƙafar doki, da fako mai tsakuwa, da fadama in damina ta sauka, da kwazazzabon da ruwa ya yanka jiya-jiya. Ga jarrabawar jeji nan tun kafin a raɗa mata suna. Shi ya sa ake neman dokin Azbin da na Barno da tsada, shi ya sa kuma aikin muri ba wasa ba ne: harawa, dusa, kanwa, dawa, duk da lokacinsu.

Ɗan lifida shi kuma wata duniya ce daban. Baturen nan Kilafaton, wanda ya rasu kusa da Sakkwato a 1827, ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a yaƙin da ta yi da Gobirawa a 1826, ya kuma ba da labarin yadda nauyin lifidi ke sa sai an ɗaga mahayi an ɗora shi a kan sirdi. Irin wannan doki ba gudu ake nema a wurinsa ba. Ana so ne ya tsaya a sahu kibau na sauka kamar ruwan sama, kada ya juya.

In kuna son ganin abin da rashin wannan horo ke jawowa, ba sai kun yi nisa ba. Satiru, kudu da Sakkwato, ranar 14 ga Fabrairu 1906. Shekara uku ke nan da Turawa suka ci Sakkwato. Suka tura sojan doki ɗauke da bindigogi su kama shugabannin garin. Talakawa suka fito da gatura da fartanya da baka, suka auka musu. Dawakin suka firgita, sahu ya watse, aka kashe Turawa uku, Hilari da Sikot da Bilakwud, da sojoji fiye da ashirin. Abin da ya biyo baya a watan Maris kuwa baƙin labari ne, an shafe garin gaba ɗaya, rayuka masu yawa suka salwanta, wannan shiri ne mai zaman kansa. Abin lura a nan shi ne, bindiga na hannu amma doki bai natsu ba, sai bindigar ta zama sanda.

Bayan nan yaƙin doki ya ƙare, a nan da can Turai duka. Sai kowa ya zaɓi abin da zai adana. Su suka ɗauki jarrabawar suka mayar da ita wasa mai doka da maki, har Ingila ta buɗe gasar Badminton a 1949. Mu kuma aka riƙe hawan. Hawan sallah namu ne tun fil azal, amma Turawan mulki suka ƙara masa wani salo da suka kwaso daga Indiya, daba, don karɓar manyan baƙi: Kano a 1925 don Yariman Ingila, Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabet. Aka sake yi a Kaduna lokacin bikin FESTAC na 1977, sannan a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya. Abin alfahari ne, ba musu.

Kuma kada wani ya ce hawa ado ne kawai. Ku kalli jahi da kyau. Mahaya su sako a sukwane kafaɗa da kafaɗa, su zo daf da Sarki su yi zamiya, su ɗaga hannu su yi jinjina. Wannan atisayen kai hari ne, ragowar fagen fama. Dokin da bai horu ba ba ya yin sa. Sai dai, gaskiya ɗaya ce, sau da yawa linzami ne ke yin aikin da horo ya kamata ya yi. Linzaminmu mai zobe yana da kaifi, duk wanda ya tsaya kusa bayan an sauka ya ga dokin da kumfar bakinsa ta koma ja. A waccan gasar, alƙalai na da ikon tsayar da mahayi in suka ga jini a bakin dokinsa. Wannan doka ɗaya da za mu are ta, da na yi murna.

Su ma fa ba tsarkaka ba ne. Shingen da ba ya faɗuwa yana kisa: doki ya bugi gungume da ƙirji, ya wuntsila ya danne mahayi. A 1999 kaɗai mahaya biyar suka mutu a Birtaniya, abin da ya sa aka fara ƙera shingayen da ke sakin kansu in an buge su da ƙarfi.

Abin da nake ganin ya suɓuce mana shi ne jarrabawar tsakiya. Kwalliya muna da ita, har ta yi yawa. Sukuwa muna da ita, daga filayen Kano zuwa Maraɗi da Damagaram, matasa na zuba kuɗi da lokaci a kanta. To amma sukuwa gudu kawai take aunawa, a fili shimfiɗaɗɗe. Wa ke gwada dokin da zai ratsa jigawa, ya gangara kwazazzabo, ya shiga ruwa bai yi gardama ba, sannan da safe a zagaya da shi a ga ƙafafunsa huɗu lafiya? Wannan shi ne dokin da manzon Sifawa ke nema, kuma shi ne yau ba mai tambayar kuɗinsa a kasuwa. Mai saye launi yake dubawa, kili ne ko akawal, sai tsayi, sai yadda zai ɗauki jalala a hoto.

Wani zai ce to mu tura namu Olamfik mana. Da wuya. Akwai cutar dawaki ta Afirka da wasu ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa, saboda ita fitar da doki daga yankinmu zuwa Turai sai an bi dogon killacewa mai tsada. Ko Nur Silawi, 'yar Maroko da ta hau a gasar Faris ta 2024, a Ingila take zaune da dawakinta. Ni dai ba can nake hange ba. Tsakanin Boɗinga da Shagari akwai fili, akwai fako, akwai fadama. Abin da ya rage shi ne a auna hanya ta kilomita biyu ko uku bayan an kwashe amfanin gona, a sa shingaye marasa tsayi na damin kara waɗanda in doki ya buga za su watse, kowane mahayi da hular kwano, a kuma samu likitan dabbobi ɗaya wanda in ya ce dokin nan ba zai hau ba, ko na ɗan sarki ne ya koma turke.

A shiri na gaba za mu leƙa Katsina, mu ji yadda Sarki Dikko ya kawo ƙwallon doki, da yadda ɗansa Usman Nagogo ya shahara a kanta. Sai mun haɗu.