Hanyar Gicciye a Birnin Urushalima

Yau za mu leƙa tsohon birnin Urushalima, mu bi wata 'yar hanya da ake kira Via Dolorosa, wato Hanyar Baƙin Ciki. Tsawonta wajen mita 600 ne kawai. Ta fara kusa da Ƙofar Zakuna ta gabas, ta ratsa kasuwa, ta ƙare a Majami'ar Kabari Mai Tsarki. Wuraren tsayawa 14 ne, tara a kan titi, biyar cikin majami'ar. 'Yan'uwanmu da suka je ziyara sukan dawo su ce sun taka inda Ubangiji ya taka. To, me tarihi ya ce?

A shekara ta 70 sojojin Roma suka rushe Urushalima. Wajen shekara ta 135 Sarki Hadriyan ya gina sabon birni bisa kangon, har ya sāke masa suna. Saboda haka titunan zamanin Yesu suna binne a ƙasa. Ko bakan dutsen nan da akan nuna wa baƙi, a ce nan ne Bilatus ya fito da Yesu gaban taro, ginin zamanin Hadriyan ne.

Sarki Konstantin ya gina majami'a bisa Golgota da kabarin, aka keɓe ta a shekara ta 335. Tsakanin 381 da 384 wata mace mai suna Egeriya ta zauna a birnin, ta rubuta abin da ta gani. Daren Alhamis kafin Ista masu bi sukan kwana suna addu'a a Dutsen Zaitun, su gangaro Getsamani da kyandirori, su shiga birni da asuba. Ba ta ambaci wuraren tsayawa 14 ba. A 1342 Paparoma ya danƙa wa 'yan ƙungiyar Faransiskan kula da wurare masu tsarki, su ne suka riƙa yi wa baƙi jagora. Adadin 14 ɗin ma a Turai ya kafu, inda marasa halin tafiya suka riƙa bin hanyar cikin majami'unsu. Paparoma ya tsai da shi a 1731, daga baya Urushalima ta bi.

Kada mu ɓoye wa juna gaskiya. Faɗuwar Yesu sau uku, da macen nan Beronika da aka ce ta share masa fuska, ba su cikin Linjila. Saminu Bakurane kuwa yana nan cikin Markus 15, mutumin ƙasar da muke kira Libiya yau. Matan Urushalima masu kuka suna cikin Luka 23. Masana da yawa kuma suna ganin an yi shari'ar a fādar Hirudus ta yamma, kusa da Ƙofar Yafa. In haka ne, ta wata fuska dabam ya nufi Golgota. A ganinmu wannan ba abin tuntuɓe ba ne, gama ba duwatsun titi muka ba da gaskiya gare su ba. Golgota kanta tana da shaida mai ƙarfi: a zamanin Yesu wurin yana bayan ganuwa, akwai kuma kaburburan wancan zamani sassaƙe cikin dutsen.

Ranar Jumma'a da yamma 'yan Faransiskan sukan bi hanyar da addu'a, masu ziyara biye da su, 'yan kasuwa suna ta cinikinsu. Kusa da wurin tsayawa na tara, 'yan'uwanmu na Habasha suna zaune cikin 'yan ɗakuna bisa rufin majami'ar. Mabuɗin ƙofarta kuwa yana hannun iyalin Musulmi tun ɗaruruwan shekaru, wani iyalin Musulmi kuma shi ke buɗe ta kowace asuba.