Hodman

Hodman, suna ne a Turanci, jam'insa hodmen. Leburan birkila, wato mai kai wa magini bulo da kwaɓaɓɓen siminti. Ana kuma ce masa hod carrier, a bakin ma'aikatan gini na Ingila kuwa hoddie.

Sunan ya fito daga hod, wani ɗan akwati mai gefe uku da ake kafa wa doguwar sanda. Lebura yakan jera jan bulo kamar goma zuwa sha biyu a ciki, ya saɓa a kafaɗa, ya riƙe sandar, ya hau tsani da shi. A ƙasar Hausa kwano ake ɗorawa a ka don wannan aiki. Aikin na buƙatar ƙarfi da lura, domin lebura ɗaya kan yi wa birkila biyu ko uku hidima, in ya yi nawa gini ya tsaya. A Amurka ma'aikatan sun kafa ƙungiyar ƙwadago a 1903 mai ɗauke da sunan wannan sana'a.

Ma'ana ta biyu, wadda ta tsufa: mai yi wa wani aikin wahala, musamman a rubutu ko bincike, yabon kuma ya tafi ga maigidansa. Akwai raini a wannan amfani.