XMPP da Matrix: hanyoyin aika saƙo da ba su da mai gida ɗaya

XMPP da Matrix ƙa'idoji ne na aika saƙo ta intanet, na rubutu ko na murya, waɗanda ba sa ƙarƙashin ikon kamfani guda. Kowa na iya kafa tasa saba, wato kwamfutar da ke karɓar saƙo ta isar da shi, kuma sabobin suna jin maganar juna.

Yadda suke aiki

Ku dubi salula. Mai layin Airtel a Maraɗi yana kiran mai layin Moov ko Zamani a Tawa, kira ya shiga lafiya lau. WhatsApp kuwa ba haka yake ba: saƙonsa ba ya isa wurin mai Telegram, kuma duk abin da aka aika sai ya bi ta kwamfutocin kamfanin Meta. Shi ya sa ranar 4 ga Oktoba 2021, da na'urorin kamfanin suka samu matsala, WhatsApp da Facebook da Instagram suka tsaya cik kusan awa shida a duk duniya.

A XMPP da Matrix kowa yana da adireshi mai kama da na imel. In wata saba ta lalace, mutanenta kaɗai abin ke shafa, sauran jama'a su ci gaba da hirarsu.

Asalinsu

Wani Ba'amurke, Jeremie Miller, shi ya fito da XMPP a 1999 da sunan Jabber. Shi kansa WhatsApp a kan wannan ƙa'ida aka fara gina shi, sannan aka rufe ƙofa. Matrix kuma ta fito a 2014.

Manhajojin da ake shiga da su, kamar Conversations da Quicksy na XMPP, ko Element na Matrix, manhajoji ne masu ƴanci. Ma'ana, an yarda kowa ya yi amfani da su, ya duba yadda aka rubuta su, ya gyara, ya raba wa wasu. Richard Stallman ne ya fara wannan fafutuka a 1983. Amfanin nan shi ne, masana na iya bincikawa ko manhaja tana satar bayanan mutane, kuma ana iya fassara ta da Hausa ba sai an nemi izini ba.

Abin da ba za su iya ba

Ƴanci ba ya nufin kyauta: kuɗin intanet yana nan. In kuma aka katse intanet ɗin gaba ɗaya, kamar yadda aka yi wa na salula kusan kwana goma a Nijar bayan zaɓen Fabrairu 2021, su ma shiru za su yi. A irin wannan hali manhajar Briar ce ke iya miƙa saƙon rubutu ta Bluetooth, shi ma sai wayoyin suna kusa da juna.

Babbar matsalar ita ce ƙarancin jama'a, don kasuwa ba ta ci da mutum ɗaya. Iyalin da ke da ƴaƴa a Libiya, Aljeriya ko Gana na iya shawara su sa manhaja guda a wayoyinsu tun yanzu, su gwada ta da saƙon murya, ta zama hanya ta biyu ranar da ta farko ta toshe. Quicksy da lambar waya ake rajista, don haka ta fi sauƙi ga wanda bai saba ba.