Hoton magaji: ɗan muke ɗauka ko uban?

A Hausa kalma ɗaya ce ke yi mana aiki biyu: muna ɗaukar murya, muna kuma ɗaukar hoto. Amma in ka duba tarihin kiɗanmu, muryar ce ta yi sa'a. Rediyo ya ɗauka, kaset ya adana, yau ga ta tana yawo daga waya zuwa waya. Hoto kuwa ƙalilan ne. Mutum zai iya rera waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo na fadar Damagaram daga farko har ƙarshe, amma ka ce ya nuna maka fuskar ƴan amshinsa, sai ya yi shiru. To, wannan giɓin ne ya sa batun ɗaukar hoton ƴaƴan makaɗa ya wuce wasa.

Mu fara da Mali, inda labarin ya fi fitowa fili. Ali Farka Ture, mutumin Niafunke, ya kai jitarsa har Amurka, Turawa suka ce ai wannan shi ne tushen kiɗan buluz na baƙar fatarsu. Faifansa Talking Timbuktu na 1994, wanda ya yi da Ry Cooder, ya ci kyautar Grammy. Ɗansa Vieux, da aka haifa a 1981, ya so kiɗa, amma uban ya fi son ya shiga soja, don ya san wahalar da ke cikin sana'ar. Yaron ya nace, ya yi karatu a makarantar fasaha ta Bamako, Toumani Diabate ya sa baki har uban ya sauko. Kafin rasuwarsa a watan Maris na 2006, Ali ya kaɗa jita a faifan farko na ɗan nasa. A 2010 Vieux ya yi wasa a Johannesburg, a bikin buɗe gasar cin kofin duniya.

Yanzu ka sa kanka a matsayin mai hoto a gaban dandamalin Vieux. Me idonka ke nema? Yawanci uban ake nema: irin riƙon jitar, irin karkata kai, irin murmushin. Da an samu wannan daƙiƙar sai a danna. Hoton zai yi kyau, zai kuma sayu, amma ya faɗi rabin gaskiya ne kawai, don Vieux ya shigo da rok da rege cikin kiɗansa, abin da ya raba hanyarsa da ta mahaifinsa.

A ƙasar Hausa gadon kiɗa ba sabon abu ba ne, shi ne ma tsarin. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ɗan makaɗi ne, Usman Ɗankwanda. Ya yi amshi a bayan mahaifinsa, ya yi a bayan yayansa Abdu Kurna, sannan ya ja ƙungiyarsa. Wato magaji ba ranar da uban ya rasu yake fitowa ba, ya daɗe yana tsaye a layin baya. Bayan rasuwar Mamman Shata a 1999, ɗansa Sanusi ya ci gaba da waƙa da kalangu, mutane kuma suka yi ta auna muryarsa da ta uban. Bahaushe ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma bai ce ɗan ya zama kwafin uban ba.

Akwai kuma gadon da babu jini a cikinsa, kuma misalinsa a nan kusa da mu yake. Malam Maman Barka, haifaffen Tasker, malamin makaranta ne kuma makaɗin gurmi. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin tafkin Chadi wurin Bukar Tar, dattijon da ya rage cikin masu kaɗa biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Ya koya, ya karɓi biram ɗin, ya kai shi Turai. Ya rasu a 2018. Hotunansa riƙe da biram yanzu shaida ce: ga yadda ake zama, ga inda yatsa ke sauka.

Masu hoto na da sun fahimci wannan. Malick Sidibe a Bamako da Philippe Koudjina a Yamai sun bi dararen rawa na shekarun 1960 da 1970 da kyamara. A lokacin sana'ar neman abinci ce kawai. Yau duk mai son sanin suturar matasan wancan zamani, da yadda makaɗa ke jeruwa, wurin hotunansu yake komawa.

Mu fa? A Kelle, a Gure, a ƙauyukan Kutus, ba a biki ko naɗin sarauta babu makaɗa, kuma da yawansu gangar ubansu ce a kafaɗarsu. Kowa na da waya, kowa na ɗauka, amma bayan wata shida katin ya cika, an goge, ko wayar ta faɗa ruwa.

Don haka ga abin da muke roƙon juna. Ka nemi izini kafin ka ɗauka, ka kuma ba makaɗi hotonsa, haƙƙinsa ne. Kada ka haska masa fitila a ido yana tsakiyar waƙa; ka tsaya ta inda hasken wurin ke faɗa masa a fuska. Ka ɗauki hannu, don a hannu koyarwar uba take zama. Ka ja baya ka ɗauki ƙungiyar duka, har yaron da ke riƙe da ƙaramar ganga, wataƙila shi ne magajin gobe. Sannan ka rubuta: sunansa na kansa tukuna, sai na wanda ya koya masa, da sunan gari, da kwanan wata, da harshen da aka yi waƙar, Hausa ce ko Barbarci ko Tubanci.

In da hali, ka wanke ko da guda biyar a takarda ka ajiye a gida. Bayan shekara 30, wani ɗalibi zai zo yana tambayar wa ya gaji wa a Kutus, kuma abin da ka rubuta a bayan hoton nan shi zai karanta.